Bismillar Baba

Mahaifina bai taɓa ba kowa aron mashin ɗinsa ba. Duk ƙauyenmu, nan gefen Balan, an san da haka har an daina tambaya. Zai ba ka fartanyarsa, zai ba ka shanun huɗa, zai bar aikin gabansa ya goya ka har Gaya, ya zauna jiranka ya dawo da kai, amma ya miƙa maka makulli ka hau da kanka, wannan kam sai dai a mafarki. Ni ne ɗansa na fari, na yi gemu na yi 'ya'ya, ina aiki a Kano, amma in na zo gida a bayansa nake zama kamar buhun taki. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai da ka saba da kwalta, ina kai ina hanyar gona?" Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Ya kuma san yana ba ni, shi ya sa yake daɗa yi.

Yana da dalilinsa. Mashin ɗinsa na farko a kasuwar Gaya aka sace shi. Ya kulle shi da kyau, ya shiga sayen kanwar dabbobi, ya fito ya tarar da wurin wayam. Da ƙafa ya dawo gida ranar, makullin na hannunsa. Da ya sake samun hali, shi kaɗai ya tafi Kano ya sayo wani, ya yini can, bai dawo ba sai yamma liƙis. Tun daga ranar ya zo da wata sabuwar ɗabi'a. In zai tafi, sai ya zauna daram, ya sa makulli, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa tanki, ya sauke hannun dama ta gefe ya shafa mashin ɗin kamar mai shafa cikin akuya, ya ce, "Bismillah." Sannan ya buga kik, mashin ya tashi nan take. In ya isa inda za shi ma haka ne: ya kashe, ya sunkuya, ya shafa, ya ce, "Alhamdu lillah," sannan ya sauka.

Inna, mahaifiyata, ta ce addu'ar tsari yake tofawa, kuma ga shi ta karɓu tunda ba a sake yi masa sata ba. Maƙwabcinmu, wani dattijo abokin Baba tun suna kiwo tare, ya rantse laya aka ba shi a Kano. Ni kuwa tsokanarsa nake yi.

"Baba, wai mashin ne ko amarya, da sai an lallashe shi?"

Sai ya yi 'yar dariyarsa ta gefen baki ya ce, "Kai dai hau mu tafi."

Hanyar da mashin ɗin nan ya fi sani ita ce ta Gafasa, can ƙasar Ajingi, inda aure ya kai Gwaggo tun kafin a haife ni. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goye shi, ita ta yaye shi da kunu, ita ta yi masa komai har ya zama mutum. Bai taɓa kama sunanta ba, Yaya yake ce mata. Ita kuma har ya yi furfura "yaron nan" take ce masa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ɗaure goro da sabulu da ɗan ƙullin sukari a bayan mashin ya kama hanya. Da idanun Gwaggo suka mutu sai ta koma gani da kunne. 'Yarta, wadda take taubashiyata, ta sha ba mu labari cewa tun mashin ɗin yana bayan gari tsohuwar za ta gyara zama ta ce, "A shimfiɗa tabarma, ga yaron nan nan." Salansar mashin ɗin tana da wata 'yar huda da ke sa shi wani irin tari-tari in yana tafiya, Baba kuma ya hana a liƙe ta. Cewa ya yi in an liƙe, da me Yaya za ta gane shi?

Sai ciwo ya zo. Wata safiya ce a farkon bazara, ya dawo daga sharar gona, ya kafe mashin a zaure, ya yi shafarsa da hamdalarsa, ya shigo tsakar gida ya ce a ba shi ruwa. Kofin ne ya fara suɓucewa daga hannunsa, sannan shi ma ya bi shi ƙasa. A asibiti suka ce hawan jini ne ya buge shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da in ya fara labari sai tuwo ya huce a gabansa, kalma ɗaya tak aka bar masa a baki, ita ce bismillah.

Abin da ya ɗan sauƙaƙa mana shi ne, a bakinmu kalmar nan tana da faɗi. Da ita muke cewa shigo, da ita muke cewa zauna, ci, ɗauka, fara, wuce gaba. Sai muka shiga koyon tasa. In ya ja ta da tsawo, ruwa yake so. In ya yanke ta gajeriya yana kallon ƙofa, bayan gida za a kai shi. In ya faɗe ta can ƙasa-ƙasa yana lumshe ido, to a ƙyale shi ya huta. Inna ta fi kowa iyawa, har ɗan alfahari take yi wa masu zuwa dubiya: "Ni kam ko tari ya yi na san me yake nufi." Gaskiya kuwa takan dace. Muka saki jiki, muka ɗauka mun gama karance shi.

Mashin ya zauna a zaure an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kaji suna hawa suna sauka. Makullin yana ƙarƙashin matashin Baba, ba wanda ya yi gigin tambaya. Gwaggo ba ta iya zuwa, tsufa ya kai ta inda ko tsakar gida sai an riƙe ta. Mun gwada haɗa su ta waya. Ta yi ta magana, shi kuma yana ta bismillah, har ta fashe da kuka ta ture wayar, ta ce ita wannan ba ta gane masa ba, a kawo mata yaron nan ta taɓa shi da hannunta. Muka ce to, in ya ɗan ƙara ƙarfi. Da damina ta faɗi muka ce to, in ruwa ya ɗan ja baya.

Cikin marka na zo gida hutun ƙarshen mako. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka ko'ina. Ina shan koko a ɗakin Baba wayata ta yi ƙara, na ga taubashiyata ce. Ni da ita ba mu taɓa yin magana miƙe ba. Ita ta ce min bawanta, ni in ce mata 'yar ƙauye mai kwaɗayin tsaraba, haka muke tun muna yara. Ranar sai ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ya iyali, ya mai jiki. Tun kafin ta faɗi abin da ya sa ta kira na san ba lafiya ba.

"Ɗan'uwa, Gwaggonka ta daina karɓar komai tun jiya. Ba ta kiran kowa sai yaron nan. In da hali ku kawo shi yau, don Allah kar ku ce gobe."

Baba ya ji, don wayar tana da ƙarar magana. Ya zura hannun hagu ƙarƙashin matashi, ya lalubo makullin, ya miƙo min. "Bismillah," ya ce. Wannan kam ba ta bukatar fassarar Inna. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, ga shi a tafin hannuna, kuma ban ji daɗin komai ba.

Ranar kasuwar Gaya ce. Duk wani mai mashin a ƙauyenmu ya ɗaure akuya ko buhu tun asuba ya tafi. Adaidaita kuwa ba ta shigowa wajenmu in an yi ruwa irin wannan, kwarin da ke tsakaninmu da babbar hanya yakan cika. Amma ban damu ba. Wa zai nemi ɗan acaba ga mashin a zaure? Muka shirya da maƙwabcinmu: ni zan tuƙa, Baba a tsakiya, shi a baya ya riƙe shi. Inna ta goge wa Baba jiki, ta sa masa rigarsa ta Juma'a da hula, ta ƙulla goro a leda ta ba ni na sa a aljihu. Muka fito da shi muka zaunar a tabarma gindin darbejiyar ƙofar gida, ya jingina da itacen, don ya kasance a shirye.

Na yaye tabarmar, na turo mashin ɗin waje, na share kashin kaji, muka ba tayoyin iska da famfon maƙwabci. Na hau, na murɗa makulli, na buɗe mai, na ja cok, na buga kik. Injin ya juya ya yi shiru. Na sake bugawa. Na yi ta bugawa har gumi ya fara keto min.

"Bismillah," in ji Baba daga gindin itace. Ya ɗaga hannun hagu yana wani kaɗa shi a iska, daga sama zuwa ƙasa.

"Cewa yake ka yi bismillah," in ji Inna daga bakin zaure.

"Na yi, Inna."

"To sake, a fili, ya ji."

Na sake a fili. Mashin ko a jikinsa.

Na ce to, abin da ya daɗe a ajiye ne, mai ya tsufa. Na buɗe tanki na shinshina, wari ya canza kam. Na cire tiyo na tsiyaye shi kaf a wani tsohon gwangwani, na taka da ƙafa har bakin hanya wajen masu sayar da mai a kwalba, na dawo laka har gwiwa. Na kwance ɗan kusar da ke ƙasan kafireta na zubar da abin da ya kwanta, na hura da baki har fetur ya shige min maƙogwaro. Na zuba sabon mai, na ga ya sauko yadda ya kamata. Na buga kik. Shiru.

Maƙwabci ya ce ko batir ne. Na ce irin wannan mashin ko babu batir kik yana tada shi. Duk da haka na buɗe murfin gefe na duba, na goge bakin wayoyin, na zaro fis na ɗaga shi a haske, lafiyarsa ƙalau. A nan na tarar da ƙunshin kayan gyaran Baba a cikin tsohuwar safa, komai a goge tsaf. Na ɗauki sifana na kwance filogi. Ya yi baƙi ƙirin. Raina ya yi fari, na ce yauwa, ga ɓarawon. Na kankare shi, na goge da gefen rigata, na maƙala masa wayarsa, na jingina shi da jikin inji, na ce maƙwabci ya taka kik ni in duba. In filogi yana da rai za ka ga 'yar wuta shuɗiya tana tsalle a bakinsa. Na kare da tafin hannu don in yi inuwa, na zuba ido. Ko ƙyas babu.

"Bismillah! Bismillah!" Baba ya ɗaga murya. Hannun nan yana ta sauka yana lanƙwashewa.

Maƙwabci ya tsaya yana kallonsa, can ya ce, "Af! Shafawa yake nufi. Ai ba ka shafa shi ba yadda yake yi. Dabba ma ta san hannun mai ita."

Na ji kunya na ji haushi, ƙato da ni ina lallashin ƙarfe, amma me ya rage? Na mayar da filogi, na hau, na ɗan duƙa, na shafa gefen tanki da tafin hannu, na ce bismillah da ƙarfi har kaji suka watse. Na buga kik. Baba ya girgiza kai, ya daki tabarma da hannu. Inna ta fito ta karanta abin da ta sani ta tofa a kan tanki. Maƙwabci ya koma gefe yana cewa shi dama ya faɗa, layar nan ba za ta yi wa kowa aiki ba sai mai ita.

Muka ciro filogin injin ban-ruwan maƙwabci muka gwada, shi ma ba wuta. Na kira wani bakanike da na sani a Gaya. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar, ya ce in babu wuta a filogi biyu to kwayil mai ba shi wuta ne ya ƙone, ko wata waya ɓera ya ci, shi kuma mashina sun yi masa layi, sai dai da yamma. Na bi wayoyin da idona ke iya gani, daga makulli zuwa inda suka shige ƙarƙashin tanki, ban ga cizon ɓera ba. Muka koma turi. Na sa giya, na riƙe kuloci, dattijon nan yana tura ni cikin laka yana haki, in saki, tayar baya ta ja ƙasa ta tsaya. A wani turin muka zame muka faɗi mu duka, ni da shi da mashin. Na tashi na huce a kan kik, shi kuma ya dawo ya daki ƙaurina har sai da na ga taurari da rana tsaka. Na zagi mashin ɗin, na zagi wanda ya ƙera shi. Duk wannan abin a raina cewa nake, saura kaɗan, wannan bugun zai tashi.

Baba bai daina ba. Bismillah, bismillah, muryar har ta dishe. Na juya a fusace na ce, "Baba, na yi bismillah ta fi a ƙirga! Wuta ce babu, wuta!"

Ya kalle ni. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, sau da yawa, idanunsa sun firfito. Na ɗauka fushi ne.

Ina duƙe ina sake kwance filogi na ji Inna ta yi salati. Na waiwaya. Baba ya bar tabarma. Yana jan gindi cikin laka da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, yana jan mataccen ɓarinsa, ya nufo mashin. Hula ta faɗi, rigar Juma'a ta zama abin da ta zama. Ya kusa, hannunsa a miƙe, saura kaɗan ya taɓa tayar gaba.

"Wayyo, ya ƙagu ya hau," in ji Inna. "Ku ɗauke shi, kar sanyi ya kama shi."

Muka ɗauke shi ni da maƙwabci. Ya yi ta fisge-fisge, ya damƙi wuyan rigata da hannun hagu, ban taɓa sanin akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba. Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Ka yi haƙuri, Baba, yanzu zai tashi, yanzu za mu tafi." Muka mayar da shi gindin darbejiya, Inna ta zauna kusa da shi ta riƙe shi. Daga nan ya daina fisge-fisge. Ya jingina kai da itace, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu.

Kiran sallar azahar ne ya dawo da ni hayyacina. Na jefar da sifana na shiga neman ɗan acaba ta waya. Wanda ya yarda ya ce sai ya sauke wasu kaya, kuma sai ya zagayo saboda ruwan kwari. Bai iso ba sai dab da la'asar. Inna ta canza wa Baba riga, muka ɗora shi, na zauna a baya na rungume shi. Duk hanyar nan kansa yana kan kafaɗar wani yaron mutane, a kan mashin mai sumul ɗin murya wanda ba wanda zai gane shi daga nesa. Na kira taubashiyata a hanya, ba ta ɗauka ba, na ce wa kaina matsalar sabis ce.

Muna shiga Gafasa muka haɗu da maza suna dawowa a ƙungiya, ƙafafunsu duk jar ƙasa. A ƙofar gidan Gwaggo an jingine makara a bango, ruwa na ɗiga daga jikinta. Ba mu bukaci wani ya gaya mana komai ba.

Aka taimaka min muka shigar da Baba har ɗakinta. Akwai tabarma a shimfiɗe a gaban gadon, sabuwa, ba wanda ya zauna a kai. Taubashiyata ta durƙusa gaban Baba tana kuka, ta ce tun safe tsohuwar ta sa aka shimfiɗa ta.

"Kawu, duk mashin ɗin da ya wuce sai ta ɗago kai ta saurara, ta ce ba shi ba ne. Ranar kasuwa ce, sun yi ta wucewa. Har aka kira azahar tana cewa ba shi ba ne. Daga nan ba ta sake ɗagowa ba."

Muka zaunar da shi a tabarmar. Ya miƙa hannun hagu ya dafa gadon, inda jikinta ya bar ɗan lotsawa a katifa, ya bar hannun a nan. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa da ƙullin goro a aljihu, na rasa wanda zan miƙa wa. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba tun ina yaro, kuma ba na Gwaggo ba ne kaɗai.

Bayan mun dawo gida Baba ya daina magana ɗungurungum. Ko bismillar ma ta tafi. In an kawo ruwa ya sha, in ba a kawo ba ya yi shiru. Inna ta yi ta zama gabansa tana jiran abin da za ta fassara, babu.

Da aka share makoki, ranar da zan koma Kano, na ce bari in tura mashin ɗin nan bakin hanya a ɗora shi a kai wa bakanike, ko ba komai in daina ganinsa. Da hantsi ne. Na fito da shi ƙofar gida, laka ta bushe a jikinsa. Sai kawai na ji ina kewar Baba, ba wanda ke kwance a ɗaki ba, wancan mai dariyar gefen baki da yake ce min kai dai hau mu tafi. Na hau na zauna inda yake zama. Na sa makulli na murɗa. Ba don in tada shi ba, don dai in yi abin da yake yi, na sunkuya sosai yadda yake sunkuyawa, har gemuna ya kusa taɓa tanki, na saki hannun dama ya sauka ta gefe.

In mutum ya duƙa har can, hannunsa ba a kan tanki yake sauka ba. Wucewa yake yi, yatsu su shige ƙarƙashi, cikin wani lungu tsakanin tanki da ƙarfen da ke riƙe da shi. A nan na ji wani ɗan dunƙule naɗe da salatif, da wani ɗan tsini a jikinsa wanda bai fi ƙwayar wake ba. Na taɓa shi. Ya ce ƙyat.

Na daɗe a duƙe a haka. Ɗan makunni ne mai yanke wuta. Abin da ya yini yi a Kano ke nan ranar da ya sayo mashin ɗin, ya sa aka ɓoye masa shi inda ɓarawo ba zai duba ba, ya kuma lulluɓe shi da bismillah don kar ido ya gane. Bismillarsa ta gaskiya ce, na san Baba, amma hannun yana nasa aikin. Safiyar da ciwo ya buge shi ya shafa ya ce alhamdu lillah, ya kashe wutar, ya shiga gida. Da na daka masa tsawa na ce wuta ce babu, ashe gyaɗa kan nan cewa yake yi, eh, ita ce, ga ta nan. Da ya ja jiki cikin laka, ba hawa zai yi ba.

Na miƙe, na ɗora ƙafa a kan kik, na taka a hankali, ina fatan kar ya tashi. Ya tashi. Tari-tarin nan nasa ya cika ƙofar gida, lafiya lau, kamar jiya aka kashe shi.

Na so in murɗe makulli kafin Baba ya ji, amma ina, duk ƙauyen ma ya ji. Na bar shi a kunne na shiga gida. Inna tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, baki buɗe. Na wuce ta na shiga ɗaki, ta biyo ni. Baba ya ɗago daga matashi da gwiwar hannu, kansa a karkace wajen ƙofa yana saurare. Na durƙusa a gabansa na nuna masa yatsuna.

"Baba, na gani. Na ga abin."

Ya kama yatsun da hannun hagu, ya juya su, ya daɗe yana kallon baƙin mai da ke jikinsu. Sannan ya buɗe baki, karo na farko tun Gafasa, ya ce, "Bismillah." Bai ja ta ba, bai yanke ta ba, bai kalli ƙofa ba, bai lumshe ido ba.

Na juya wajen Inna kamar yadda muka saba. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta sa gefen zane ta rufe fuska.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ban san me yake nufi ba."

Muka zauna mu uku a ɗakin. A waje mashin yana ta tarinsa, tanki cike da sabon mai, ga hanyar Gafasa ta bushe.